Lambun da Muka Shuka da Gam

A ƙasan wata tsohuwar masaƙa a Tibilisi,
inda injuna suka yi shiru tun ba a haife mu ba,
Otar ya miƙo min takarda mai layi ɗaya tak:
"Lambu a cikin kumbo, shekara ɗari uku da barin duniya."
Na ce, nawa aka ware?
Ya zazzage aljihunsa, tikitin bas ya faɗo.

Da babu gara ba daɗi.
Na tsinto bututun ruwa a bayan kasuwa,
na shafe su da fenti ruwan azurfa, suka zama kututture.
Laima goma sha ɗaya da iska ta karya,
na tuɓe musu riga, na bar haƙarƙarin,
na rataye su a kife,
ga furannin da ba wanda ya taɓa raɗa wa suna.
Nutsa ta kwana uku tana yanka robar ruwa ganye-ganye
har almakashi ya yi mata kanta a yatsa.
Rezo ya jera fitilu, shuɗi da ja,
ya ce can babu rana sai wadda mutum ya kunna.

Muka ja da baya muka duba.
Ya yi kyau,
irin kyan haƙorin zinare:
yana ƙyalli, ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi.

Ranar ɗauka Lali ta tsaya a tsakiya cikin farar riga.
Aikinta ta yi kukan ƙasar da ba ta taɓa takawa ba.
Sau bakwai, ido a bushe ƙamas.
Ta ce, "Warin gam kawai nake ji.
Wa ya taɓa kewar gam?"

Da daddare na taka bene hawa tara wurin kakata Tsiala.
Tana da bishiyar lemun tsami a tsohon gwangwanin mai,
ƙwallon da ta binne shekarar da aka binne kakana.
Ba ta taɓa yin ɗa ba.
Ta ce, "Ba ta son zafi, ba ta son baƙi.
Ka gaishe ta da safe."
Na rungumo ta a bas kamar jaririya,
ƙayarta tana sukata a wuya har tasha ta ƙarshe.

Otar ya leƙa kyamara, ya yamutsa fuska.
Cikin duk lambun ita ce matalauciya:
ganye mai huji, ganye mai ƙura,
ɗaya ya yi rawaya yana shirin sallama.
Ya ce, "Wannan ba ta yi kama da gobe ba."
Na ce, waɗanda suka bar duniya, me kake zaton sun ɗauka?
Abin da wata tsohuwa ta cusa musu a hannu
a bakin ƙofa, ana ta yi musu sauri.

Ɗauka ta takwas.
Lali ta zo wucewa, reshe ya riƙe mata hannun riga.
Ta murza ganye, ta kai hanci.
Ba ta yi kukan ba.
Dariya ta yi, guntuwa, ta zauna daɓas a ƙasa,
kalmomin da ta haddace suka watse.
Wani kiyashi ya sauko daga reshen,
ya bi farin hannun rigarta a natse,
fasinjan da ba a rubuta sunansa ba.
Otar ya buɗe baki zai tsayar,
Nutsa ta dafa shi da yatsanta mai bandeji.

Ran Lahadi na mayar da ita.
Kaka ta ƙirga ganyen, uku fitila ta ƙona.
Ta ce, "Ina kuka kai ta?"
Na ce, bayan taurari.
Ta ce, "Shi ya sa ta rame."
Sai da ta ba ta ruwa
kafin ta ɗora min shayi.